Wane aksul ya dace da gaban Toyota Pickup ƙirar 1994? Ina neman shawara kafin a yanka ƙarfe

Manomin Nguroje:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar mota da masu sha'awarta. Ina da Toyota Pickup ƙirar 1994, irin wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka, mai injin fetur 22R-E da giyar hannu, kuma da ita nake jigilar taki da masara da maganin shanu tsakanin Nguroje da Gembu da ƙauyukan da ke bayansu. Inji lafiyarsa ƙalau, giyabos ma haka. Abin da ya ishe ni shi ne ƙafar gaba, wadda irin mai hannuwa ce, kowace taya tana motsi ita kaɗai a kan sandar toshan. Ba a raba ni da canjin bol-joyin da robar shaf da hannun da ke tallafe sitiyari ta ɓangaren fasinja, sannan idan taya ɗaya ta faɗa rami a hanyar damina sai ɗayar ta ɗaga sama tana juyawa a banza, mota ta tsaya cak. Na yanke shawarar a cire wannan ƙafa a sa sandararren aksul, wato bututu ɗaya mai haɗa tayoyin biyu, irin na tsofaffin motoci. An yi mini tayin guda uku: na tsohuwar Hilux, na Land Cruiser 80, da na Land Cruiser 79. Tayata yanzu inci 31 ce, ina so in koma 33. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Serti:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda a kan dutse kake, me zai hana ka nemi aksul ɗin tsohuwar Land Rover? Ita ce motar da ta riƙe Mambila shekara da shekaru, kayanta suna nan a warwatse, kuma duk bakaniken da ke Gembu ya san cikinta da bayanta.

Bakaniken Panteka:
Malam Manomi, sannu da ƙoƙari. Kafin a yi maganar wanne ya fi ƙarfi, ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashin motarka ka duba abu huɗu, domin motar ce za ta zaɓi aksul, ba kai ba.

Na farko, ta wane ɓangare farfelar gaba ke fitowa daga tiransfa, wato akwatin da ke bayan giyabos mai raba juyi ga gaba da baya? A irin taka ta dama take fitowa, idan kana zaune a ciki kana kallon gaba. Saboda haka duk aksul ɗin da tulunsa, wato kumburin da ke ɗauke da haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin biyu, yake hagu ya fita daga lissafi, ko da kyauta aka ba ka, don ba za a gitta farfela ta ƙarƙashin kwanon inji ba. Na biyu shi ne faɗi. Aksul ɗinka na baya yana da kusan inci 58 da rabi daga mazaunin rim zuwa mazaunin rim. Na tsohuwar Hilux na gaba kusan inci 55 da rabi ne, wato ya gaza da kamar inci uku, kuma wannan gyaransa mai sauƙi ne. Na Land Cruiser 80 ya haura inci 63, wato gaban motarka zai fi bayanta faɗi da kusan inci biyar, kuma a hanyar laka wadda manyan ramukan taya suka riga suka zana, tayar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba, za ka ji mota tana ja da kai gefe. Na uku, ramin noti: naka shida ne a kan da'irar milimita 139.7. Tsohuwar Hilux da Land Cruiser 80 duk haka suke, amma 79 tun fitowarta a 1999 noti biyar take da shi a kan milimita 150, sai ka wayi gari kana yawo da safaya iri biyu. Land Rover da ɗan'uwanmu na Serti ya kawo ita ma noti biyar ce, a kan wata da'irar daban. Na huɗu, wanda ya fi kowanne, shi ne lissafin haƙoran tulu, kuma zan bar wa Injiniya ya yi bayaninsa, don ya fi ni iya jera shi.

Ra'ayina a fili yake: ka ɗauki na Hilux.

Injiniya daga Zariya:
Na gode, Baba. Malam Manomi, tiransfar motarka ba ta da tulu a tsakiya. Da zarar ka sa fowil, farfelar gaba da ta baya sun zama sanda ɗaya, dole su yi juyi iri ɗaya. Idan lissafin haƙoran gaba ya saɓa da na baya, tayoyin gaba za su so yin wani gudu, na baya su so wani, kuma wannan gardama a cikin ƙarfe take ƙarewa: ko haƙori ya karye, ko farfela ta murɗe, ko tiransfa ta fashe. A cikin taɓo taya tana samun sulɓi ta sauke nauyin, amma a kan dutse ko busasshiyar ƙasa babu inda zai tafi.

Irin motarka mai 22R-E da giyar hannu galibi da 4.10 take zuwa, wato haƙora 41 a kiraun (babban zoben haƙoran da ke cikin tulu), 10 a finiyon (ƙaramin da ke juya shi). Tsofaffin Hilux na dizal kuwa ana samunsu da 4.30, da 4.56 mai haƙora 41 da 9, da 4.88 mai haƙora 39 da 8. Kada ka yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa, kuma kada ka dogara da lambar jikin motar da aka kwance, domin a tsawon shekara talatin ana iya canza tulu sau da yawa. A zare tulun a gabanka, a sa alli a haƙori ɗaya, a ƙirga. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya kawar da Land Rover, don tsofaffin Series 4.7 suke da shi, Defender kuma 3.54, babu wanda ya zo daidai da na Toyota.

Akwai wata falala da ta sa nake goyon bayan Baba. Tulun aksul ɗin gaba na tsohuwar Hilux mai kiraun inci 8 ne, kuma irinsa ɗaya da na bayan motarka, ana zare wannan a sa a gurbin wancan. Idan aksul ɗin da ka saya ya zo da 4.88, kana da zaɓi biyu: ka nemi tulun baya na 4.10 ka sa a gaba, ko ka nemi wani 4.88 ka sa a baya. Da taya 33 ni na biyun zan yi. Asalin tayar wannan mota kusan inci 28 ce, kuma duk inci ɗaya da ka ƙara kana rage wa inji ƙarfin ja ne. Idan ka ninka 4.10 da 33 ka raba da 28 za ka samu kusan 4.8, wato 4.88 ne zai mayar maka da motar yadda take tun farko. Injin lita 2.4 da kaya a baya, a hayin da ke tashi daga Mayo Selbe, ba zai yafe maka 4.10 da taya 33 ba. Kulocinka ne zai biya.

Direban Agadas:
Ina gaishe da manya. Ni ina da ja a kan tushen maganar gaba ɗaya. Mu nan muna bin rairayi da gargada da Hilux masu ƙafar hannuwa, da lodi wanda ya fi na masara nauyi, kuma suna zuwa suna dawowa. Sandararren aksul yana da nauyi, kuma duk wannan nauyi a ƙarƙashin sifirin yake, don haka a kan gargada mota tana tsalle, taya tana barin ƙasa, direba yana gajiya tun kafin azahar. Ƙafar hannuwa ta fi laushi, ta fi riƙe hanya idan ana gudu. Anya matsalar Malam ba ta kayan gyara marasa inganci ba ce? Bol-joyin na ainihi da na jabu ba su da haɗi. Da ni ne, da kuɗin wannan aiki zan sayi kayan ƙafa na ainihi, in sa makullin tulu, wanda ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare, a aksul ɗin baya, in ci gaba da harkata.

Manomin Nguroje:
Direba, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban musa cewa wasu kayan da na sa ba na ainihi ba ne, don abin da ake samu kusa ke nan. Amma hanyarmu ba irin taku ba ce. Ba gudu muke yi ba. Akwai wuraren da giya ɗaya a ƙaramin fowil ake bi, ruwa ya zaizaye gefe ɗaya ya bar kwazazzabo, ɗaya gefen dutse ne. Abin da nake nema shi ne taya ta sauka ta taɓa ƙasa. Baba, na shiga ƙarƙashi na duba, farfela ta dama take kamar yadda ka ce.

Injiniya daga Zariya:
Ku biyun duka kuna kan daidai, hanya ce ta bambanta. A sandararren aksul, idan dutse ya tura taya ɗaya sama, ɗayar ƙasa ake danna ta, kuma tulun yana tashi tare da tayoyin, tazararsa da ƙasa ba ta canzawa. A ƙafar hannuwa tulun a jikin shasi yake ɗaure, idan gaba ya nutse sai ya sauko ya daki ƙasa. A yashi wannan ba ya damun kowa, a kwazazzabo kuwa shi ne komai. Duk da haka shawarar makullin tulun baya shawara ce mai kyau, kuma ko an canza aksul tana nan da amfaninta.

Mai Kurusa na Jos:
Da izinin Baba, ni ban gamsu da aksul ɗin Hilux ba. Kowa ya san rauninsa: haɗin Birfield, wanda ke kai juyi ga taya a cikin gwiwa, wato inda taya ke karyawa, ƙarami ne. Ka sa taya babba, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka taka mai a ribas taya ɗaya ta maƙale, sai ka ji ƙara kamar an fasa kwalba, shi ke nan. Na Land Cruiser 80 ya fi girma nesa ba kusa ba, birkinsa ya fi, kuma finiyonsa a sama yake shiga, don haka farfela tana ɗagawa daga duwatsu, haƙoran kuma an yanka su ne domin aikin gaba. Ga shi 4.10 yake zuwa da shi a mafi yawa, daidai da na bayan motar Malam, ba sai an taɓa tulu ba. Wasu ma da makullin lantarki suke zuwa tun daga kamfani. In za a yi wahala a yanka shasi, a yi ta sau ɗaya a sa abin da ba zai karye ba.

Bakaniken Panteka:
Ɗana na Jos, duk abin da ka faɗa a kan ƙarfin aksul ɗin 80 gaskiya ne, ban rage ko ɗaya ba. Amma ka faɗi abin da ake samu, ba ka faɗi abin da ake biya ba. Wannan aksul an yi shi ne domin sifirin mai naɗi. Yana buƙatar dogayen hannuwa biyu da za su riƙe shi daga baya, da sandar gicciye da za ta hana shi zamewa gefe, da mazaunin sifirin a sama, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a shasin Pickup. Duk sai an ƙirƙira su an auna kusurwarsu. Sandar gicciye da sandar sitiyari dole su kwanta a layi ɗaya, tsawonsu ya yi kusa, in ba haka ba duk ramin da taya ta faɗa sitiyari zai fizge hannun direba. Idan kuma aka ce a aske maƙalan a ɗora shi a kan sifirin mai ganye, sai a tarar sandar da ke haɗa tayoyin biyu tana bayan aksul, daidai inda ganyen zai wuce. Ana yi, na ga waɗanda suka yi, amma aiki ne na wanda yake da wurin aiki mai shimfiɗaɗɗen daɓe da kayan awo, ba na bakin titi ba.

Sannan ka tuna 80 mai fowil na dindindin ba ta da makunnin hob a taya, wanda ake murɗawa a raba taya da shaf, faranti ne a ɗaure. A motar Malam hakan yana nufin shaf da tulu da farfelar gaba za su yi ta juyawa ko a kan kwalta, sai an nemo hob na hannu an sa. Ga faɗin da na ambata, wanda zai tilasta a canza na baya ko a cika shi da sifesa masu kauri. Kuma na bayan 80 tulunsa ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama, alhali farfelar bayan Pickup a tsakiya take fitowa. Ka ga aiki ɗaya ya haifi uku.

Batun Birfield kuwa, a duba wane inji ne ke tura shi. 22R-E doki ɗari da 'yan kai ne. Da taya 33, babu makulli a gaba, direba mai hankali da ƙafarsa, wannan haɗi yana daɗewa ƙwarai. Waɗanda ke fasa shi su ne masu taya 35 zuwa sama da makulli, masu hawan duwatsu domin wasa. Malam masara yake ɗauka. Kuma in ya fashe, Birfield na Hilux abu ne da za a aiko masa daga Kaduna ko Kano ko Jalingo a motar haya, yaron shago ya sa masa.

Ga kuma abin da zai faranta maka rai: tulun gaban 80 mai finiyo a sama shi ma inci 8 ne, kuma yana shiga bututun aksul ɗin Hilux da ɗan gyara kaɗan. Wanda yake son wannan falala yana iya samunta ba tare da ya ɗauko dukan aksul ɗin ba.

Mai Kurusa na Jos:
Baba, na karɓi batun sandar gicciye, wannan kam ba wasa ba ne. Amma ina nan a kan cewa idan Malam yana da niyyar sa makulli a gaba wata rana, ya sayi Birfield masu ƙarfi tun yanzu, kada ya jira ƙaramin ya fashe masa a daji.

Mazaunin Amurka:
Gaisuwa ga kowa. A nan inda nake wannan aiki sananne ne ƙwarai, dalili kuwa shi ne Toyota ta daina sa sandararren aksul a Pickup na kasuwar Amurka bayan ƙirar 1985, daga 1986 sai ƙafar hannuwa. Saboda haka masu irin motar Malam suna farautar aksul na 1979 zuwa 1985, har ya yi tsada, kuma wanda bai samu ba yakan koma ga aksul ɗin Dana 44 na Jeep Wagoneer, wanda kiraun ɗinsa inci 8 da rabi ne, notinsa shida irin na Toyota. Sai dai na 1974 zuwa 1979 ne tulunsa ke dama. Daga 1980 ya koma hagu. Dana 30 na Cherokee kuma hagu ne, noti biyar, ya fi dacewa da Ford Ranger. Na kawo wannan ne don kada wani ya gani a bidiyo ya ce sai Dana. A gida ba ni ba da shawararsa, domin ranar da boris ko sil ya lalace za a sha wahalar nema. Ku kuna da abin da mutanen nan suke nema ruwa a jallo: a kasuwanni da yawa na duniya Hilux ta ci gaba da fita da sandararren aksul har 1997, irin su LN106 mai injin dizal samfurin 3L, kuma ana samunsu a ƙasashenmu. Abu ɗaya da na ga ana yi a nan wanda zai amfane ku shi ne gyaran birki: tsofaffin aksul ɗin faifansu ba mai iska ba ne, sai a sa faifai mai iska na Land Cruiser 60 tare da kalifa, wato abin da ke matse faifan, wadda aka cire daga ƙafar hannuwa. Malam kada ya yar da kalifarsa.

Mai Walda, Kofar Ruwa:
Oga Manomi, ni ne mai riƙe wuta, bari in faɗi nawa. Zaɓen aksul rabin aiki ne, sauran rabin yana ga wanda zai ɗaura shi. An taɓa kawo mini wata mota da aka yi wa irin wannan aiki a wani wuri. An yanke maƙalan tsohuwar ƙafa da wutar gas har an ci naman shasi, ba a lulluɓe wurin da faranti ba, aka ɗora akwatin sitiyari a kan ƙarfen da ya riga ya yi laushi. Da na sa hannu na girgiza taya, akwatin da kansa yake motsi, tsaga ta zagaye ramukan noti uku. Mai motar yana ɗaukar iyalinsa a ciki.

Idan na Hilux ka ɗauka, tsarin a bayyane yake, domin kamfani ya riga ya yi shi: marataya mai ƙarfi a can gaban shasi, shakul, wato maratayar da ke lilo, a bayan sifirin, bututu a huda shasi a zura a yi masa walda ciki da waje. A auna daga aksul ɗin baya zuwa na gaba ta dama da ta hagu, a kuma auna a gicciye, kafin a kunna wuta. Ɗigon walda kawai za a yi, a sauke mota a kan tayoyinta da nauyin injinta, a sake awo, sannan a cika. Wurin akwatin sitiyari a sa faranti ta fuska biyu da bututu a cikin ramukan noti don kada ɗauri ya matse shasi.

Sitiyari kuma kada a kwaikwayi tsohon tsari mai lanƙwasasshen hannu a gwiwar hagu, wanda sanda ke turawa gaba da baya. Idan sifirin ya yi tsawo, duk taka birki sai mota ta karkata. Akwatin da ke motarka ya dace da sandar da ke gittawa zuwa gwiwar dama, kuma shi ya fi. Amma ina roƙonka da girman Allah, kada ka bari kowa ya yanka hannun sitiyari ya haɗa da walda. A sayi hannun da aka ƙera domin wannan aiki, ko da daga waje za a yi odarsa. Ni mai walda ne, kuma ni nake ce maka a nan walda ba ta da wuri.

Injiniya daga Zariya:
Ina ƙara abu biyu a kan na Mai Walda. Na farko, kwanciyar gwiwa. Layin da taya ke juyawa a kansa dole samansa ya ɗan kwanta baya da 'yan digiri, shi ne ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Masu gyara sukan juya aksul sama domin farfela ta miƙe, ba su san sun cinye wannan kwanciya ba, sai mota ta riƙa yawo a titi, ko gaba ya kama karkarwa mai tsanani da zarar an daki rami da gudu. Na biyu, tsawo. Wannan aiki yana ɗaga gaban mota, don dole a bar tazara tsakanin aksul da kwanon inji da shasi, sannan a ɗaga baya ya daidaita. Duk abin da aka ƙara a tsawo an ƙara shi ne a saurin kifewa, kuma wanda ke gangarowa daga Mambila da lodi ya san irin kwane-kwanen hanyar da ke wurin. A tsaya a mafi ƙarancin tsawon da zai hana ƙarfe dukan ƙarfe. Idan an ɗaga baya, a gyara sandar bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi, in ba haka ba zai ɗauka motar ba ta da kaya, ya rage wa tayoyin baya birki. Tiyon birki na gaba a sa masu tsawo, farfelar gaba kuma tana buƙatar doguwar zamiya, domin aksul yanzu yana tafiya sama da ƙasa, ba kamar da ba da tulu yake a kafe.

Direban Agadas:
To, jama'a, da na ji jerin nan sai tambaya ta zo mini. Aksul, sifirin, sitiyari, farfela, birki, tulu biyu, ladan aiki. Me zai hana Malam ya sayar da motarsa ya sayi LN106 wadda kamfani ya riga ya haɗa?

Manomin Nguroje:
Na yi wannan tunani, Direba. Waɗanda na gani na sayarwa a yankinmu duk sun sha wuya, shasinsu ya sha faci, injinsu yana hayaƙi, kuma masu lafiyar ba sa sayarwa. Tawa na san tarihinta, shasinta bai taɓa tsagewa ba. Na fi son in kashe kuɗi a kan abin da na sani. Baba, na tsaya a kan na Hilux. Me zan duba idan na je gani?

Bakaniken Panteka:
Madalla. Ka tafi da wanda ya san aiki, kuma kada sabon fenti ya sa ka yi wa rogo kallon kitse. Wanda aka bari da dattinsa ya fi faɗin gaskiya. Ka fara da miƙewar bututu. Aksul ɗin da ya sha lodi da tsalle yakan lanƙwashe kusa da gwiwa, kuma alamarsa ita ce shaf ya ƙi zaruwa da sauƙi, ko ka ga sil ɗin ciki ya cinye ta gefe ɗaya. Lanƙwasasshe ba ya riƙe mai, ko sil nawa aka sa masa. Ka duba ƙwallon gwiwa, in tsatsa ta rarake shi zai riƙa yaga abin share giris. Ka buɗe gwiwar: in ka tarar da giris ya narke ya zama ruwa-ruwa, man tulu ne ya ƙetare, wannan gyara ne mai sauƙi, ba ya hana saye. Ka duba ramukan noti huɗu na saman gwiwa inda hannun sitiyari ke zama, in zarensu ya lalace ko an taɓa cika su da walda, a canza maka gwiwar. Ka juya finiyo da hannu ka ji ko yana da wasa sama da ƙasa. Ka tabbata hob ɗin hannu guda biyu suna nan kuma suna shiga suna fita, na Aisin su ne na ainihi. In kana da hali ka karɓi sifirin ɗinsa da farantan ɗauri da farfelar gaba a ciniki ɗaya, don neman su ɗaya-ɗaya ya fi tsada.

Ka kuma tambaya daga wace irin mota aka kwance shi. Akwai kayan kwance da ke zuwa daga ƙasashen da sitiyarinsu ke dama, tulun yana nan a dama kamar kowanne, amma hannuwan sitiyarin a juye suke. Tunda sabon hannu za ka sa, wannan ba zai hana ka saye ba, sai dai ya zama hujjar neman ragi.

Kafin a ɗaura shi a sabunta komai na cikin gwiwa: boris na sama da na ƙasa, boris ɗin taya, sil, da giris mai kyau. Yin haka a kan benci ya fi sauƙi a kan yin sa a ƙarƙashin mota. Gibin faɗin inci uku kuma a cike shi da sifesa na inci ɗaya da rabi kowane gefe, irin masu nasu noti, a riƙa duba ɗaurinsu.

Mai Kurusa na Jos:
A ƙara da duba ɗaurin notin hannun sitiyari bayan tafiyar farko, da kuma lokaci-lokaci daga nan. Su ne ke fara kwancewa idan taya ta girma.

Manomin Nguroje:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Ga abin da na tsayar: aksul ɗin Hilux, sifirin mai ganye, 4.88 gaba da baya idan na samu tulu biyu masu lafiya, in ban samu ba in zauna a taya 31 in nemi 4.56 gaba da baya. Makulli a baya kawai, kamar yadda Direba ya ce. Aikin kuma ba a nan za a yi shi ba, zan sauko da motar inda akwai daɓe da kayan awo. Mai Walda, zan neme ka ta saƙon sirri a kan kaurin farantin da ya kamata a saya.

Mai Walda, Kofar Ruwa:
Ina jiranka, Oga. Ka zo da aksul ɗin da rim da tayar da za ka yi amfani da su, domin da su za a auna inda marataya za ta zauna, don kada taya ta riƙa cin bayan mudgad idan an karya sitiyari. Kuma ka bar tsohuwar ƙafar a jikin motar har sai mun ƙirga haƙoran tulun nan da idonmu.